RA'AYINMU: Kafin a ci bashin karatun tafiyar da asibiti, a ƙidaya kujerun da ke akwai

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, shawara ɗaya ce ake yi a zaurukan Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri da Kore Mairuwa: yaro ya ci, to ina za a kai shi, kuma da wane kuɗi? A ƴan shekarun nan wani fanni ya shigo cikin wannan shawara da ƙarfinsa, wato karatun tafiyar da asibitoci da ayyukan kiwon lafiya. Ana gaya wa iyaye cewa aiki ne na ofis, babu jini babu kwanan gadi, kuma ƙungiyoyin agaji suna biyan masu shi albashi mai tsoka. Saboda wannan zance akwai ɗan kasuwar da ya taɓa jarinsa, akwai malamin makarantar da ya jinginar da albashinsa na shekara huɗu ga banki, akwai uwar da ta sayar da sa da tumakin da ta daɗe tana kiwo.

Mu a wannan jarida mun yarda ƙasar nan tana bukatar masu wannan ilimi, kuma za mu faɗi dalili. Amma muna ganin duk gidan da zai ci bashi mai ruwa domin wannan karatu, ba tare da ya zauna da alƙalami ya auna abin da zai biya da abin da yaron zai samu ba, ya shiga caca da abincin iyalinsa.

Arewa ba baƙuwar boko ba ce. Tun zamanin mulkin mallaka ƴaƴan wannan yanki suka cika makarantu da barikoki da ofisoshin gwamnati, har ya zama da wuya ka shiga wata ma'aikata a Yamai ba ka tarar da ɗan Dutsi ba. Sai dai iyayenmu sun yi karatu ne a wani zamani da lissafinsa yake da sauƙi. Gwamnati ce ke ba ɗalibi bursu, ita ke zaɓa masa fanni, in ya gama kuma ita ke ɗaukarsa aiki. Wannan zamani ya wuce tun da tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni ya shigo. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 sun fito ne suna ƙin wannan tsari. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'aikata kuma suka sha watanni babu albashi. Tun daga lokacin takardar shaidar karatu ta daina zama takardar ɗaukar aiki. Abin mamaki shi ne, sama da shekara 30 bayan haka, gidaje da yawa suna lissafi kamar tsohon tsarin yana nan. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Bukatar masu iya tafiyar da asibiti kuwa ba a musunta. Tun da aka ɗauki shirin Bamako a 1987, wanda ya ce jama'a su sa hannu cikin kuɗin maganinsu, gidan likita ya zama wurin da kuɗi ke shiga suna fita kullum. A jaharmu ta Doso, cikin gundumar Boboye, aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na wannan tsari a 1993, kafin dokar 1995 ta yaɗa shi ƙasa baki ɗaya. A 2005 da 2006 gwamnati ta mai da fiɗar haihuwa da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, bisa alkawarin za ta riƙa mayar wa asibitoci kuɗinsu. Biyan ya riƙa jinkiri, bashin ya taru har ya kai miliyar da yawa, kantunan maganin asibitoci suka yi ta ƙarewa. A Agustan 2024 aka sake zartar da rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati, aka kuma mai da haihuwa kyauta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana ɗora wa asibiti sabon nauyin lissafi: a haɗa takardun neman biya daidai, a yi odar magani kafin ya ƙare, a tanadi man motar ɗaukar marasa lafiya, a biya mai gadi da mai shara. Majon da ke duba marasa lafiya tun safe har la'asar ba shi da lokacin wannan, kuma ba shi aka koya masa ba. Duk wanda ya taɓa kai matarsa haihuwa cikin dare aka miƙo masa takardar magani ya je ya nema a gari, ya san abin da rashin tsari ke jawowa.

To amma bukatar ƙasa daban, yawan kujerun da gwamnati ta buɗe ta kuma ware musu albashi daban. A nan ne lissafi ke farawa. An raba Nijar gundumomin kiwon lafiya 72. Jahar Doso tana da 8, ƙasar Arewa kuwa biyu ne nata, ta Dogon Dutsi da ta Tibiri, wadda ta samu zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. A kowace gundumar lafiya likita ne shugaba, mai kula da kuɗi da kayan aiki kuwa, wanda ma'aikata ke kira jestiyoner, mutum ɗaya ne ko biyu cikin tawagarsa. A ƙara da ƴan kujerun babban asibitin jaha da asibitin uwa da yaro da ofishin daraktan lafiya a Doso. A ƙananan gidajen likita na ƙauyuka, majo ne da mai karɓar kuɗi da kwamitin gari ke riƙe da asusu, babu kujerar mai digiri. Mai karatu ya ƙidaya da yatsunsa. Kujerun nan kuma ba fanko suke ba, akwai masu su, kuma wanda ya zauna ba ya tashi sai ritaya ko canjin wuri. Sau da yawa ma idan kujerar ta buɗe, tsohon ma'aikacin lafiya da ya koma karatu ake ba, domin ya san asibiti ciki da bai.

Sauran fatan yana ga ƙungiyoyin agaji da ayyukan da ƙasashen waje ke biya. Gaskiya ne albashinsu ya fi na gwamnati nesa ba kusa ba. Amma aikin kwantiragi ne na shekara ɗaya ko biyu, kuma kasuwarsa ta tsuke. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da kuɗinsu. A Nuwamban 2024 aka janye wa ƙungiyar ACTED izinin aiki, a Fabrairun 2025 aka umarci kwamitin Red Cross na duniya ya bar ƙasar, cikin 2025 ɗin kuma gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, wadda ke ɗaukar nauyin ayyukan lafiya masu yawa a Afirka. Ma'aikatan da suka rasa aiki ta wannan hanya, da gogewarsu ta shekaru, su ne sabon mai digiri zai tarar a gabansa cikin layi. Wanda ya ci bashin shekara huɗu yana dogaro da kwantiragin da bai samu ba tukuna, ya yi gini a kan rairayi.

Yanzu mu zo ga kuɗin. Alƙaluman da za mu kawo misali ne kawai, kowane gida ya cire su ya sa nasa. Mu ɗauka kuɗin makaranta mai zaman kanta jika 400 ne a shekara, karatun lisans kuwa shekara 3 ne, ya kama miliyan 1 da jika 200. Yaro daga Dutsi ba ya kwana gidan ubansa a Yamai, kusan kilomita 270 ne tsakani. Mu sa masa jika 40 a wata na haya da abinci da mota da kwafin takardu, wata 10 a shekara, shi ma ya kama miliyan 1 da jika 200. Jimla miliyan 2 da jika 400, ba a sa kwamfuta da kuɗin rubuta kundin kammalawa da rashin lafiya ba. A ce gida ya haɗa jika 400 daga ƴan uwa, ya ranto miliyan 2.

Idan ma'aikacin gwamnati ne ya karɓo daga banki da ruwan kashi 12 cikin 100 a shekara, zai biya cikin shekara 4, to duk wata za a cire masa kusan jika 53, a ƙarshe ya biya kimanin miliyan 2 da jika 530. A tuna cewa albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar daga Janairun 2024 jika 42 ne. Bankuna kuma sun saba tsayar da abin da ake cirewa a kusan kashi ɗaya cikin uku na albashi, ma'ana sai mai ɗaukar kusan jika 160 ne zai samu wannan bashi, sannan ya ciyar da gidansa da abin da ya rage har shekara 4, ko da azumi ya zo ko da damina ta ƙi. Idan ɗan kasuwa ne da ba shi da albashi, ƙananan asusun bashi ne za su karɓe shi. Dokar ƙasashen yankin sefa da ta fara aiki a Janairun 2014 ta ba su damar kai ruwa har kashi 24 cikin 100, kuma ba su cika ba da dogon wa'adi ba. Miliyan 2 a kan wannan ruwa cikin shekara 2 yana nufin kusan jika 106 duk wata.

Abin da ya fi ruwan ciwo shi ne lokaci. Bashin banki ba ya jiran yaro ya gama karatu, daga watan da aka karɓa ake fara biya. Yaron kuwa yana da shekara 3 a aji, sannan shekara 2 na hidimar ƙasa da ɗan alawus ɗin da ba ya wuce cikinsa, sannan jiran ranar da za a buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Ko da komai ya tafi daidai, uban zai gama biyan bashin kafin ɗan ya ga albashinsa na farko. Saboda haka a daina cewa yaro zai biya da kansa in ya fara aiki. Uba ne mai biya, kuma da shi ƙannen yaron, waɗanda za a ce su dakata da nasu karatun. A gidaje da yawa mun san wanda ake fara cewa ya dakata: ƴa mace ce.

Ga ɗan kasuwa akwai wata asarar da ba ta fitowa a takardar banki. Miliyan 2 da aka cire daga cinikin wake ko gyaɗa ko dankalin turawa ko kiwon turka, jari ne da ya daina juyawa. Idan yana kawo ribar kashi 15 cikin 100 a shekara, jika 300 ke nan da gidan ya rasa duk shekara. Ƴan kasuwar Arewa kuma sun ga yadda ciniki ke tsayawa dare ɗaya: Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa daga tsakiyar 2023 zuwa Maris na 2024, darajar naira kuma ta zube. Mai bin bashi ba ya tambayar ko hanyar Bacaka a buɗe take.

Lissafin ma'aikacin lafiya da ya riga ya shiga aiki ya sha bamban, kuma a ganinmu shi ne wannan karatu ya fi dacewa da shi. Majo ko ungozomar da ta yi shekaru a Geceme ko Ɗan Kasari ta san inda asibiti ke yoyo, kuma tana da albashi. Abin da za ta auna shi ne bambancin albashinta na yau da na bayan ƙarin girma. Idan bambancin jika 40 ne a wata, bashin da ya ci miliyan 2 da jika 530 zai mai da kansa cikin wata 63, wato shekara 5 da wata 3. Idan jika 25 ne, sai an haura shekara 8. Mai shekara 35 yana da lokacin cin ribar wannan, wanda ya doshi ritaya ba shi da shi. Akwai kuma tarkon da ya kama mutane da yawa: ma'aikacin da ya tafi karatu da kuɗinsa ba tare da hukuma ta ba shi takardar izinin tafiya ƙarin ilimi ba, yana iya dawowa da digiri a hannu a ce ba za a ƙara masa girma da shi ba. A fara neman takardar kafin a nemi bashin. A kuma fara ƙwanƙwasa ƙofar makarantun gwamnati, irin su cibiyar ISP ta Yamai, da guraben tallafi na zuwa CESAG ta Dakar, wadda ta daɗe tana horar da masu tafiyar da ayyukan lafiya na yankinmu.

Masu tallan makarantu sukan kawo misalin ƙasashen waje, to mu ma bari mu duba can. A Amurka matsakaicin albashin masu tafiyar da asibitoci ya haura dalar Amurka dubu 100 a shekara a 2023, domin can asibiti babban kamfani ne mai ma'aikata dubbai. Duk da haka bashin karatu da ke wuyan Amurkawa sama da miliyan 40 ya haura dalar Amurka tiriliyan 1.6, har masu ba da shawara suka fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi, cewa kada jimlar bashin ɗalibi ta wuce albashinsa na shekarar farko. A gwada wannan ma'auni a nan: bashin miliyan 2 yana bukatar aikin da zai fara da kusan jika 167 a wata, kuma a samu aikin ba da jinkiri ba. Maƙwabciyarmu Nijeriya kuwa ta kafa asusun bashin ɗalibai na NELFUND da dokar Afrilun 2024. Babu ruwa a kansa, ɗalibin ne da kansa ke ɗauka, ba a fara biya sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa, kuma kashi 10 cikin 100 na albashi ake cirewa. Ko ma mene ne aibin wannan tsari, ya ɗora nauyin a kan wanda ya yi karatun, bayan ya fara samu. Bashin da iyalan Arewa ke ci ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan sauƙaƙe.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ilimi ba haja ba ne da ake aunawa da tiya, kuma idan aka bi wannan lissafi ɗan talaka ba zai taɓa yin karatu mai zurfi ba, kujerun za su zama gadon ƴaƴan masu hali. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, bashi mai ruwa ba ya daidaita ɗan talaka da ɗan mai kuɗi. Idan aikin bai samu ba, mai kuɗi ya yi asarar riba, talaka kuwa ya yi asarar gona. Ga kuma maganar riba, wadda malamanmu ba su gushe suna gargaɗi a kanta ba. Hanyar ɗan talaka ita ce jami'ar gwamnati da bursun hukumar ANAB da jarrabawar shiga aiki ta gaskiya, kuma waɗannan ne ya kamata mu tsaya mu nema masa da ƙarfi. Akwai kuma hanyar hawa mataki mataki: yaro ya fara da karatun jinya ko ungozoma ko lissafin kuɗi, wanda kasuwarsa ta fi faɗi, ya shiga aiki, sannan ya ƙara da ilimin tafiyar da asibiti lokacin da yake da albashi da gogewa. Hanyar tana da tsawo, amma ba ta cin rumbun gida.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da ta ma'aikatan gwamnati su riƙa bayyana wa jama'a duk shekara yawan kujerun masu tafiyar da asibitoci da ke fanko, da waɗanda za a buɗe cikin shekaru 5 masu zuwa, gunduma gunduma. Gwamnatin da ta rage kuɗin magani da rabi ta fi kowa bukatar masu riƙe asusun asibiti, to ta ware musu kujeru da albashi, ta daina ɗora aikin a kan majo. Muna kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi ta tilasta wa kowace makaranta mai zaman kanta ta manna a ƙofarta takardar izininta, da matsayin digirinta a wurin gwamnati da hukumar CAMES, da adadin ɗalibanta na baya da suka samu aiki a fannin da suka karanta. Makarantar da ke karɓar miliyoyin iyaye ba ta da hujjar ɓoye wannan adadi. Muna kuma roƙon hukumomi su duba kafa asusun bashin karatu marar ruwa, wanda ba a fara biyansa sai an fara aiki.

Ga ƙungiyoyin ƴan asalin Arewa mazauna Yamai da Kwatano da Legas, waɗanda ke tara kuɗi don bukukuwa da tarbar manya, muna cewa ga aikin da ya fi: asusun rance marar ruwa ga ɗalibai biyu ko uku a shekara, da tsofaffin ma'aikatan lafiya na yankin da za su zauna da iyaye su gaya musu gaskiyar kasuwar aiki kafin a sa hannu.

Ga uba kuwa, kafin ya taka ƙofar banki, ya sa ɗansa ya kawo masa amsar tambayoyi huɗu a rubuce. Nawa karatun zai ci gaba ɗayansa, har da ci da kwana? Gwamnati ta amince da takardar? Mutum nawa daga cikin waɗanda suka gama a makarantar shekara 3 da suka wuce ke aiki yau, kuma nawa suke ɗauka? Idan yaron ya shekara 3 bai samu aiki ba, me gidan zai sayar? Yaron da ke son ya riƙe asusun asibitin gunduma, wannan ne aikinsa na farko, kuma idan ya kasa haɗa wannan lissafi, to uban ya samu amsarsa. Idan lissafin ya fita, a tura shi da albarka. Idan bai fita ba, babu kunya a sake shawara, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya ci shi da idonsa biyu ya fi kusa da fita. Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya kuma rufa wa iyayensu asiri.